Ɗan Kwangilar da Ba Shi da Ko Shebur

Jirgin ƙasa mai lamba 6 ne ya ɗauke mu daga Parkchester, a unguwar Bronx, da safiyar wata Asabar mai sanyi. Daga can a sama yake tafiya bisa ƙafafun ƙarfe, kana leƙen rufin gidajen mutane, sai daga baya ya nutse cikin ƙasa kamar gafiya. Ɗan ƙanwata, wanda na je Niyok domin ganin jaririn da aka haifa masa, shi ne ja-gabana. Muka fito a tashar Titi na 33, muka ɗan taka zuwa yamma, sai ya ce, "Kawu, ku ɗaga kai." Na ɗaga har sai da na dafe hulata.

Ba zan tsaya kwatanta tsawon benen Empire State ba, hotonsa ya riga ya gama duniya. Hawa 102 ne, mita 381 daga ƙasa zuwa rufi, ban da sandar da aka ɗora masa daga baya. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina sayo wa wani kamfanin gini kaya a Kano. Ni ne mai zuwa Ƙofar Ruwa neman rodi, ni ne mai kwana da waya a kunne ina bin sawun tirelar siminti, ni ne kuma wanda foman ke nema da jan ido idan birkiloli sun zauna a inuwa babu bulo. Mai wannan sana'a ba ya kallon gini yadda sauran mutane suke kallonsa. Inda wani ke ganin kyau, ni takardun oda nake gani. Don haka tambayar da ta fara zo mini a bakin titin Fifth Avenue ita ce: wa ya sayo duk wannan kaya, kuma a ina ya jibge su? Ga titi cike da motoci, ga gine-gine manne da juna ta kowane gefe. A 1930 ma tsakiyar gari ne, babu filin da mutum zai zube ko tifa biyu ta yashi.

A hawa na biyu akwai ɗan gidan tarihi da ake ratsawa kafin a kai ga lifta. Sashen da ya fi tara jama'a shi ne wanda aka tsara bisa hotunan Lewis Hine, mai hoton da aka ɗauka haya lokacin da ake ginin: ma'aikata a rataye da igiyar ƙarfe, gari gaba ɗaya a ƙarƙashin takalmansu. Kowa yana jinjina kai, ni ma na jinjina. Amma kwanan wata biyu ne suka riƙe ni. An soma ginin ranar 17 ga Maris 1930, an buɗe shi ranar 1 ga Mayu 1931. Kwana 410 ke nan. Na san bene mai hawa uku da ya cinye damina bakwai, har bishiyar da ta tsiro a tsakar gidansa ta soma ba da inuwa.

Na ce da yaron, "To, wa ya yi musu saye?" Ya yi dariya ya ce, "Kawu, duk baƙin da na kawo nan, ku ne na farko da ya yi wannan tambaya." Ashe ya san amsa, domin shi ma gadon nawa ya ɗauka: ƙaramin ma'aikaci ne a ofishin sayen kaya na wani kamfanin gini a Manhattan. Da muka koma gida ya ɗauko mini littattafai biyu. Ɗaya tarihin rayuwar Paul Starrett ne da ya rubuta da kansa a 1938. Ɗayan kuwa kundin da kamfanin Starrett Brothers and Eken ya tattara game da yadda aka tafiyar da aikin, wanda ya daɗe a ajiye kafin Carol Willis, matar da ta kafa gidan tarihin dogayen benaye na birnin, ta fitar da shi a 1998. Da su na raba darare na mako biyu, jariri yana kuka a ɗaki ɗaya, ni ina lissafin bulo a ɗayan.

An haifi Paul Starrett a 1866 a garin Lawrence na jihar Kansas. Ubansa limamin coci ne, uwarsa malama ce da ta buɗe makarantar 'yan mata a Shikago. Su biyar ne maza a ɗakinsu, kuma dukansu a harkar gini suka ƙare. Paul bai fito da takardar injiniya daga ko'ina ba. A 1888 ya shiga ofishin Burnham da Root, manyan masu zanen gini na Shikago, a matsayin yaron ofis, yana koyon zane a gefe. Daniel Burnham ya duba shi ya gaya masa gaskiya, cewa baiwarsa ba a zane take ba, a wajen tsara mutane da kaya take. Ya fitar da shi daga bayan tebur ya tura shi filin aiki ya riƙa sa ido. Ina ganin wannan babbar sa'a ce a rayuwar ɗan koyo, ya samu ubangidan da zai nuna masa abin da bai iya ba tun da sauran ƙuruciya.

Daga nan ya koma kamfanin George A. Fuller. Wannan kamfani shi ake jingina wa salon kwangilar da duniya ke bi yau, wato mutum ɗaya ya karɓi aiki dungurungum, ya rarraba shi ga masu sana'a daban-daban, lokaci da kuɗi kuma su rataya a wuyansa. Kafin haka mai gini ne ko mai zane ke fama da magini daban, kafinta daban, maƙeri daban, kowa da ranar da ya ga dama. Irin wannan ɗan kwangila, idan ka duba da kyau, ba magini ba ne sosai. Mai saye ne: yana sayen ƙarfe, yana sayen dutse, yana sayen ƙwarewar wasu, sannan ya jera su kowa a ranarsa. Paul ya kai ga shugabancin kamfanin, kuma a zamaninsa suka gina otal ɗin Plaza, da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania, da ginin tunawa da Lincoln a Washintan. Tun kafin su akwai benen Flatiron na 1902, wanda na taka da ƙafa na je na gani. Sunansa dutsen guga yake nufi, kuma wallahi bai yi ƙarya ba.

Ƙanensa William, wanda aka haifa a 1877, ya fi shi ɗanɗana aikin gaggawa. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, shi aka ɗora kan sashen gine-ginen gaggawa, inda aka tayar da barikokin soja masu girman garuruwa cikin 'yan watanni, har ya fito da muƙamin kanar. Bayan yaƙi ya je Japan ya yi aikin benaye masu ƙashin ƙarfe. A 1922 'yan'uwan suka kafa nasu kamfani, Andrew Eken ya zama abokin tarayyarsu.

Labarin da na fi so a littafin Paul shi ne na ranar neman kwangilar, a 1929. Masu ginin manyan mutane ne: John Raskob, wanda ya yi kuɗinsa a kamfanonin DuPont da General Motors, da Pierre du Pont, da Al Smith, tsohon gwamnan jihar wanda ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1928 ya sha kaye. Suna kiran 'yan kwangila ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Paul, aka tambaye shi irin kayan aikin da kamfaninsa ya mallaka. Ya ce musu babu ko ɗaya, ko diga da shebur ba shi da su. Hujjarsa ita ce, gini irin wannan ba a taɓa yinsa ba, saboda haka tsofaffin injina ba za su yi masa daidai ba. Zai sayo sababbi da suka dace da aikin, idan an gama ya sayar, ya mayar wa masu gini abin da ya rage. Aka ba shi aikin.

Na karanta wurin nan sau uku ina murmushi. Duk wanda ya zauna a harkarmu ya san yadda ake shirya ranar zuwan masu duba kamfani: a aro injin kwaɓa siminti daga wannan, a aro tifa daga wancan, a wanke su a jera a tsakar gida, da yamma kowa ya zo ya ja abinsa. Ni da kaina na taɓa biyan kuɗin man irin wannan aro. Ga wani kuma ya shiga gaban attajirai hannu rabbana, abin da yake sayarwa kawai shi ne ya san abin da za a saya, da wurin wa, da ranar da ya kamata ya iso.

Ranar 1 ga Mayu ba don ado aka zaɓe ta ba. A Niyok ta wancan zamani, a ranar ce yarjejeniyar hayar ofisoshi ke somawa, wanda duk ya kuskure ta kuwa ya yi asarar 'yan haya na shekara. Daga wannan rana aka yi lissafi da baya. Masu gini, da masu zane na kamfanin Shreve, Lamb and Harmon, da injiniyan ƙarfe Homer Balcom, da su Starrett, suka zama kamar majalisa guda mai zama a kai a kai. Ba a amincewa da zane sai an tambaya: ana samun wannan abu? Wa ke yinsa? Kwana nawa zai ɗauka? Nan ne hassada ta kama ni, ba zan ɓoye ba. A duk shekarun aikina, sai an gama yanke komai ake miƙo mini takarda a ce, "Malam, gobe muke so." Ban taɓa zama a teburin da ake zane ba, balle in ce musu wannan tayil ɗin da kuka zaɓa yana bayan teku.

Ƙarfen ƙashin ginin ya kai tan 57,000. Ya fi ƙarfin masana'anta ɗaya a ɗan lokacin da ake da shi, sai aka raba odar tsakanin kamfanoni biyu na yankin Pittsburgh, American Bridge da McClintic-Marshall. Rabon ma da dabara aka yi shi: wannan ya ɗauki rukunin hawa kaza, wancan ya ɗauki na samansa, haka har ƙarshe, ta yadda yayin da ake kafa na ɗaya, ɗayan yana can yana ƙera na gaba. Kowane kwangiri da lambarsa a jiki, mai nuna gurbin da zai zauna. Jirgin ƙasa ya kawo shi wani fili a New Jersey, a haye kogi da shi, mota ta kawo shi gindin gini, ƙugiya ta ɗaga shi kai tsaye, ma'aikatan kamfanin Post and McCord su ɗaure shi da ƙusoshi masu jan wuta. Akwai ƙarfen da tsakanin fitowarsa daga masana'anta da zamansa a gurbinsa awa 80 ce kacal. Kuma duk wannan ana yi ne alhali masu zane ba su gama zanen hawan sama ba, suna gaba da maƙera da 'yan hawa kaɗan, kamar mai shimfiɗa tabarma ana binsa a baya ana zama. A haka ginin ya riƙa tashi hawa huɗu da rabi a mako, har akwai lokacin da aka yi hawa 14 cikin kwana 10. Kafin Satumba ta ƙare ƙarfe ya kai hawa na 86.

Bangon waje ya fi ba ni sha'awa, domin a nan ne hannun mai saye ya fito fili a cikin zane. Tagogi kusan 6,500 ne, an yi su iri ɗaya don masana'anta ta riƙa zubo su kamar ƙosai. Tsakanin taga da ta samanta farantin alminiyam ne, shi ma iri ɗaya. Dutsen farar ƙasa da aka lulluɓe ginin da shi daga jihar Indiana aka fasa shi, ramin yana nan har yau cike da ruwa. Maimakon a tsaya sassaƙa bakin kowane dutse ya yi santsi, sai aka rufe mahaɗar da dogayen zirin ƙarfe mai ƙyalli. Waɗannan layukan da baƙo ke gani suna sheƙi idan rana ta doke su, ya ɗauka ado ne zalla, ashe rabin aikinsu rage wa masassaƙi wahala ne. An kuma tsara komai yadda za a iya ɗora shi daga cikin gini, ba sai an kafa katakon tsayawa a waje ba.

Amsar tambayata ta bakin titi kuwa ita ce, ba a jibge komai a titi ba. Motoci cikin ginin suke shiga, hawan ƙasa ya zama tasha. Bulo kusan miliyan 10 aka yi amfani da su, kuma ba lebura ne ke sauke su ɗaya-ɗaya ba: mota ta juye su ta wata kwararo su gangara rumbu a ƙarƙashin ƙasa, daga rumbun su zuba cikin 'yan taragu. A kowane hawa an shimfiɗa siririn layin dogo, tarago ɗaya yana ɗaukar abin da baro takwas zai ɗauka, a tura shi cikin lifta, a fito da shi a gangara har gaban birkila. Kankare a ƙasan ginin ake kwaɓa shi. Har tsofaffin liftocin otal ɗin Waldorf-Astoria, wanda aka rushe don a samu filin, ba a yar da su ba, da su aka riƙa jigilar ma'aikata kafin na Otis su soma aiki.

Sai maganar abinci. Ranar 14 ga Agusta 1930 mutum 3,439 ne ke aiki a wurin, kundin ya ƙidaya su sana'a-sana'a. Ka ƙaddara wannan taro duka ya sauko titi neman abin kai wa baka da tsakar rana, sannan ya sake hawa. Rabin yini ya tafi. Sai aka buɗe wuraren cin abinci a hawa na 3, da na 9, da na 24, da na 47, da na 64, suna bin ginin yadda yake tashi. Na tuna mai shinkafa da wake da ke zama a ƙofar filin aikinmu, wadda idan ba ta zo ba leburori sai su watse cikin unguwa, a yi la'asar ana nemansu. Ban taɓa sa ta cikin lissafina ba, alhali ta fi wasu dillalan rodi muhimmanci ga aikin.

Da na sake komawa ginin ni kaɗai, na tsaya a zauren shiga na Fifth Avenue na shafa bangon mabul. An kawo duwatsun daga Faransa da Italiya da Beljiyam da kwarin Lahn na Jamus. Kayan da sai sun hau jirgin ruwa su ne ke hana mai saye barci, domin ba ka da iko da teku. Na san wannan da jikina. Wata shekara na ƙi sayen tayil a kasuwa saboda na samu wanda zai kawo mini daga waje da rangwame mai kyau. Na ji daɗin kaina, na kai wa maigida lissafin abin da na tsima masa. Kaya suka maƙale a tashar jirgin ruwa wata huɗu. Mai fenti ya jira, mai haɗa wuta ya jira, mai gadi yana karɓar albashi, wanda zai kama haya ya gaji ya nemi wani wuri. Abin da na tsima bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da aka rasa ba. Araha ba ta ado, an faɗa mana tun muna yara, amma sai da na tsufa a sana'a na gane ba ingancin kaya kaɗai ake nufi ba.

Ranar wata Litinin yaron ya ce in raka shi wurin aikinsu in gaisa da shugabarsu. Dattijuwa ce, gashi ya yi fari, ta soma aiki tana 'yar budurwa a matsayin mai ƙidayar kayan da motoci ke saukewa a bakin fili, yau ita ke riƙe da sayayyar kamfanin duka. Ofishinta ba shi da wani ƙawa. Bango guda cike yake da jadawali, kuma abin da ke saman jadawalin ba siminti ba ne ko ƙarfe, kayan da ke daɗewa kafin su iso ne: lifta, taransifoma, manyan akwatunan rarraba wuta, gilashin bango. Yaron ya ce bayan annobar korona wasu kayan wutar sai da suka riƙa haura shekara kafin su zo, don haka akan yi odarsu tun ba a haƙa tushe ba. Idan 'yan kwangila uku suka kawo farashi, ba ta fara duba na ƙasa. Sai ta sa a jera takardun gefe da gefe, layi bayan layi, a nemo abin da kowa ya tsallake, domin sau da yawa mai araha wani abu ya bari a waje wanda zai dawo ya caje ka daga baya. Kuma ba ta yarda da "an kusa gamawa" ta waya. Takan hau jirgi ta je masana'anta ta ga kayanta da idonta.

Ta tambaye ni abin da nake saye a ƙasarmu. Na ce rodi da siminti sun fi yawa. Ta ce ta yaya nake sanin rodin da aka ce mai 12 ne ya cika 12? Na ce ina yawo da ɗan ma'aunin kauri a aljihu, idan kuma na yi shakka in sa a ɗora bandir a sikeli. Ta yi dariya, ta ja aljihun teburinta ta fito da irin ma'aunin nawa sak, duk ya goge don tsufa. Ba mu fi minti goma tare ba, waya tana ta kiranta. Da muka fito yaron ya ce, "Kawu, ba ta cika sakin fuska haka ba." Na ce masa ai barewa ta ga 'yar'uwarta.

Kada sha'awa ta rufe mini ido. Su Starrett sun yi aikinsu ne a lokacin da kasuwar hannun jari ta rushe a Oktoba 1929, daidai watan da aka soma rushe tsohon otal ɗin. Masana'antu suna neman oda ido rufe, farashi yana faɗuwa, ma'aikata suna layi a bakin ƙofa. Mai saye a irin wannan kasuwa sarki ne, kuma hakan na cikin dalilan da suka sa aikin duka, har da kuɗin fili, ya tsaya a wajen dala miliyan 41, ƙasa da abin da aka ƙiyasta. Saurin ma ba kyauta aka same shi ba. Lissafin hukuma ya nuna mutum biyar sun rasa ransu a wurin. Bayan Shugaba Hoover ya danna maɓalli daga Washintan fitilu sun kama, sai 'yan haya suka ƙi zuwa, har mutanen gari suka juya sunan ginin ya koma ma'anar fanko. Masu hawa kallo irina ne suka riƙa taimaka masa da kuɗin tikiti, kuma sai a farkon shekarun 1950 ya soma kawo riba.

Su kansu 'yan'uwan ba su fita lafiya ba. William ya rasu a watan Maris 1932 yana da shekara 54, ko shekara guda ba a cika da buɗe ginin ba. Paul ya faɗa da bakinsa cewa bayan aikin jikinsa da hankalinsa sun karye, sai da ya yi jinya. Wannan bai ba ni mamaki ba. Mai ɗora bulo idan ya tashi aiki ya wanke hannu ya tafi gida. Mai jiran kaya kuwa da motar da ba ta iso ba yake kwana, da ita yake tashi sallar asuba. Paul dai ya murmure, ya rayu har 1957, ya cika shekara 90.

A waccan Asabar ta farko, a hawa na 86 iska tana yanka kunne. Mutane suna neman gunkin 'yanci da gadar Brooklyn, ni kuwa na sa yaron ya nuna mini benen lamba 40 na titin Wall, wanda su Starrett suka gama cikin ƙasa da shekara guda daidai lokacin da suke soma wannan. Sannan na juya yamma na daɗe ina kallon kogin Hudson da gaɓar New Jersey, ina ƙoƙarin hango hanyar da ƙarfen ya biyo.

Daren da zan baro garin muna zaune a falo bayan mun ci tuwon semo da miyar kuka, wadda matarsa ke sayo garinta a wani shagon 'yan Afirka ta Yamma a nan unguwar, sai yaron ya ce, "Kawu, akwai abin da na ɓoye muku sai yau. Kun san wa ya gina gidan nan da kuke kwana a ciki?" Ashe Parkchester ɗin ma aikin Starrett Brothers and Eken ne. Kamfanin inshora na Metropolitan Life ya ba su kwangilar a ƙarshen shekarun 1930, gidaje sama da 12,000 a dunƙule, kuma Richmond Shreve, ɗaya daga masu zanen Empire State, shi ya shugabanci masu tsara unguwar. Jan bulo ne ko'ina, da 'yan mutum-mutumin yumɓu a saman ƙofofi, waɗanda na yi mako biyu ina wucewa ƙarƙashinsu ban tambayi komai ba. Ya ƙara da cewa da farko ba a ba baƙar fata haya a nan, sai a 1968 aka buɗe musu ƙofa.

Na tashi na je bakin taga na ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, yadda na saba yi idan ina karɓar aiki daga hannun birkila. Tauri gare shi kamar jiya aka gama. Matar gidan ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Kawu, a hankali, yanzu ya samu barci."